Yadda ake kafa mashin ɗin zarto mai tebur a saita shi ba tare da an bar yatsa a wurin ba

Duk wanda ya taɓa zagaya atiliyoyin masu aikin katako a nan Yamai, daga wajen kasuwar Katako har cikin unguwanni, ya san mashin wanga da nike magana, tebur ne na ƙarfe da faifan zarto ya leƙo ta tsakiya, wani na kanti ne an sayo shi cikin kwali, wani okaziyo ne daga Turai, wani ko mai walda ne ya haɗa shi da moter da bel da faliye biyu, wato gidajen rulma da ke riƙe aks ɗin da faifai ke juyawa a kai. Duka aikinsu ɗaya kuma duka cizonsu ɗaya. Abin da mutane ba su so su yarda da shi shi ne da yawa cikin raunin da ake samu tun wurin saiti aka shuka shi, mashin ne da faifansa ke kallon gabas gid ɗinsa, wato majinginar da katako ke bi in ana yanka, na kallon gabas maso kudu, sai ran da ya harbo katako a ce tsautsayi ne. To ga yadda ake bi, kuma bin layin na da muhimmanci don kowane saiti kan na gabansa ya dogara.

Fara da wurin da za ka aje shi. Daɓe shi zama mai ƙarfi kuma a shimfiɗe, siminti ya fi, in rairayi ne ka zuba ɗan dandamali ko ka shimfiɗa katako masu kauri ka ɗaure ƙafafun a kai da bulon. Ka kama gefen teburin ka girgiza, in ya yi rawa ko kaɗan ka sa kal ƙarƙashin ƙafar da ta ɗage, na katako ko na ƙarfe, ba kwali ba. Tsawon tebur daga ƙasa wajen santimita 85 zuwa 90 ya yi ma yawancin mutane. Sannan fili: in kana tsaga katako mai mita 4 kana buƙatar mita 4 a gaba da mita 4 a baya, kontirplake kuma girmansa mita 1.22 ne da 2.44 don haka gefe ma na son wuri. Kuma ka dubi inda bayanka ke fuskanta in ka tsaya aiki, nan ne katako ke nufa in ya harbo, kar shi zama bencin da baƙi ke zama shan shayi ko ƙofar da yara ke wucewa. A bayan mashin ka aje wani tebur ko jakin katako mai tsawo daidai da teburin ko ƙasa da shi da milimita kaɗan, don katakon da ya fita shi samu inda za shi kwanta, in babu shi sai ka tarar kana danna wutsiyar katako da ƙarfi daidai lokacin da hannunka ke kusa da haƙora.

Sai kuran. Namu bolt 220 ne, 50 Hz, manyan mashina kuma na tirifaze ne 380. Kafin komi ka karanta ɗan allon ƙarfen da ke jikin moter, in ka ga 110 ko 120 to na Amurka ne kar ka soka shi haka nan, za shi ƙone nan take. Moter mai kilowat 2 na jan wajen amfa 9 in shina gudu, amma lokacin tashi shina jan ninkin haka sau da yawa, shi ya sa siririn fil na lantarkin ɗaki ba shi yi, ka nemi mai kauri 2.5 da dizhonkter nashi shi kaɗai, kuma in ralonji ce ta naɗi ka warware ta duka in ba haka ba zafi take ɗauka. Abu biyu da ake raina ma wayo: waya ta ƙasa, da difaransiyel na 30 mA, wato abin da ke yanke kuran da kansa in ya fara zurarewa. Tebur ƙarfe ne, kai kuma ga zufa a watan huɗu da na biyar, in fil ya goge a ciki kai ne hanyar da kuran za shi bi. Ka kira mai gyaran kuran shi kafa maka pike na ƙasa da kyau, shi nutsa sosai don busasshen rairayi ba shi kai kuran yadda ya kamata.

Makunni kuma shi ne abin da zan matsa a kai don ya shafe mu fiye da Turawa. Makunni na danna sama danna ƙasa irin na fitila in kuran ya ɗauke kana tsakiyar yanka shina nan a kunne, kowa ya watse ya tafi shan iska, apranti ya zo shina share gari kusa da faifai, kuran ya dawo. Ka gane sauran. Akwai makunni mai maɓalli kore da ja wanda in kuran ya ɗauke shi ma shina sakin kansa, sai an sake danna kore za shi tashi, a shagunan kayan kuran ka tambayi kontakter da maɓallin tashi da na tsayawa su haɗa maka. Ka kafa shi ta gaba hannun hagu inda gwiwarka ke iya buga jan ba sai ka saki katako ba. In da gurup kake aiki ka bar shi shi daidaita kafin ka tada mashin, in ka ji moter na gurnani bai tashi ba kashe maza, ƙarfin bai kai ba.

Daga nan har zuwa gwaji na ƙarshe, fil a cire daga firiz ɗin kuran, ka aje kan fil ɗin bisa teburin inda idonka ke ganinshi. Kashe makunni kaɗai bai isa ba.

Yanzu faifai. Wanda aka fi gani mai faɗin milimita 250 ne ko 254, manyan mashina 300 zuwa sama. Ramin tsakiyarsa a kayan Turai yawanci milimita 30 ne, na Amurka kuma wajen 16, dole shi zauna cif a kan aks, in ramin ya fi aks faɗi akwai zobe na musamman da ake sawa, kar ka cika da waya ko gwangwani. A jikin faifan an rubuta iyakar juyin da shike ɗauka a minti, na mashin ɗinka kar shi wuce wannan. Yawan haƙora ma ba ado ba ne: mai 24 na tsagawa ne bisa tsawon katako, ramukan tsakanin haƙoransa manya ne suna kwashe gari da sauri, mai 60 zuwa 80 na yankan kwance ne, wato yanke katako ta faɗinsa, da kontirplake, mai 40 ko 48 shina ɗan taɓa duka biyun. In ka sa mai 80 ka ce za ka tsaga jan katako mai kauri za ka ga hayaƙi, ka yi ta turawa da ƙarfi, turi da ƙarfi kuwa shi ke kai hannu inda bai kamata ba. Ka duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya, in wani ya ɓalle ko akwai tsaga a jikin faifan aje shi, kar a yi mishi walda. In danƙo ne ya daskare a jiki ka jiƙa da kananzir ka goge da buroshi, sau da yawa faifan da ake cewa ya dakushe dauɗa ce kawai.

Wurin ɗaurawa haƙoran da ke sama su kalle ka, ma'ana suna sauka cikin tebur ta gefen da kake tsaye. Ka goge faifan ƙarfen nan biyu da ke matse shi, ƙwayar gari guda a tsakaninsu ta isa ta sa faifai shi riƙa lilo. Notin aks wani na dama ne wani na hagu, kar ka yi ta kokawa da shi: ana kwance shi ta inda faifai ke juyawa, ana ɗaure shi ta ɗaya gefen. Ka ɗaure da kile daidai ƙarfin hannu, ba a hawa kai da ƙafa ba a ƙara tiyo. Ka juya faifan da hannu ka kalle shi ta gaba, in shina kaɗa kai hagu da dama to ko faifan ya lanƙwashe ko rulma ta ci, ka kama shi ka girgiza, in ka ji ƙas ƙas rulma ce, canza ta kafin ka ci gaba don duk awon da za ka yi a kan aks mai wasa banza ne. In tirifaze ne kuma daga baya ka ga shina juyawa baya, musanya waya biyu cikin ukun za a yi.

To ga zuciyar aikin. A kan teburin akwai kwari da aka fafe miƙe daga gaba zuwa baya inda gid ɗin yankan kwance ke gudu. Kwarin nan shi ne ba ya motsi, don haka da shi ake auna komi, faifai tukuna, sannan gid. Ka ɗaga faifai har ƙarshe. Ka zaɓi haƙori ɗaya ka shafa mishi marka ko alli. Ka juyo shi gaba daidai fuskar tebur, ka auna daga bakin kwari zuwa gefen haƙorin, da piye-a-kulis, ma'aunin ƙarfen nan mai baki biyu, in kana da shi, in babu ka ɗaure ɗan katako a jikin gid ɗin kwance ka murɗa bis a bakinsa har kan bis ɗin shi taɓa haƙorin da ƙyar. Sai ka juya wannan haƙorin dai, ba wani ba, zuwa baya, ka tura gid ɗin ka gani. Mi ya sa haƙori ɗaya? Don haƙora ba su cika zama daidai da juna ba, wani na karkata hagu wani dama, in ka auna biyu daban ƙarya za su yi maka. In bis ya taɓa a gaba ya taɓa a baya iri ɗaya, alhamdulillahi. In a baya ya bar rata ko ya tokare, ka soka takarda ka gani, takardar rubutu guda kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, in ratar ba ta wuce takarda ɗaya ba ka bar shi, in ta kai uku huɗu sai gyara.

Gyaran ya danganta da irin mashin. Wasu kayan aks ɗin a ƙarƙashin tebur aka ɗaure su da bulon huɗu, ka sassauta uku ka bar ɗaya da ɗan ƙarfi shi zama madogara, ka sa guntun katako ka ɗan buga da guduma a hankali, ka auna, ka sake. Manyan kuma teburin ne ake sassautawa daga jikin akwati a juya shi. Na mai walda faliye za ka sassauta ka gusa, in ramin bulon bai ba da wuri ba a ɗan faɗaɗa shi da lim. Ka ɗaure bulon ɗin kaɗan kaɗan kana zagayawa kuma ka sake awo bayan ka gama, don wallahi wurin ɗaurewar nan saiti ke gudu, sai ka yi haƙuri, aikin na iya cin rabin yini amma sau ɗaya ne. In naka na gida ne ba shi da kwari sam, ka jingina dogon regil miƙaƙƙe a jikin faifan tsakanin haƙora, ka ja layi a kan tebur, layin nan shi zama kwarinka.

Sai miƙewar faifai. Ka aza ekar a kan tebur ka jingina ta da jikin faifai, tsakanin haƙora ba a kansu ba, ka haska tocin salula ta baya, in haske na fitowa sama ko ƙasa ka juya hannun karkatarwa har shi ɓace, sannan ka saita bis ɗin da ke tsaida shi a digiri 90, ka maida allurar kan sifili. Haka za ka yi ma 45. In ya ƙi kaiwa 90 kafin ka zargi mashin ka leƙa ƙasa, yawanci gari ne ya cushe wurin. Farantin da ke rufe bakin faifai kuma shi zauna daidai da fuskar tebur, in ya nutsa katako na tuntuɓe a fita, in ya ɗago shina tokarewa a shiga, in kuma bakinsa ya yi faɗi ka yanka sabo da kontirplake don ƙananan guntaye kar su faɗa tsakani.

Gid na tsagawa. Ka kawo shi bakin kwari ka kulle, ka shafa da yatsa gaba da baya ka ji ko sun yi daidai. Doka ɗaya ce: ko shi zama daidai da faifai, ko bayansa shi ɗan buɗe waje da kamar kaurin takarda biyu uku. Bayansa shi matso wajen faifai, wannan haramun ne. Ga dalili. Haƙoran gaba sauka suke suna danne katako a kan tebur, na baya kuwa tasowa suke. Faifai mai 250 da ke juyi 4000 a minti bakinsa na gudun kusan kilomita 190 a awa. In gid ya matse katako ya tura shi kan haƙoran baya sai su ɗaga shi, shi hau saman faifai, su wurgo maka shi a ciki ko a fuska kamar shurin jaki, kuma abin da ya fi muni hannun da ke riƙe da katakon shina bin shi zuwa kan haƙora kafin ƙwaƙwalwa ta san mi ke faruwa. Alamar gid mai matsewa kuwa ba ta ɓuya: gefen katako na ƙonewa baƙi, gari na tashi ta baya shina watso maka, turi na ƙara nauyi wajen ƙarshe. Bayan ka kulle gid ka tura bayansa da hannu, in ya gusa ka ƙara mishi sarjan. Masu buga katako da kusa ko masu matse shi da sarjan biyu a matsayin gid, kowane matsi sai kun auna gaba da baya daga haƙori, kowane ɗaya.

Yanzu wuƙar baya, wadda kusan kowane atiliye an cire ta an jefa ƙarƙashin benci wai tana tare aiki. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ke tsaye bayan faifai cikin tsagar da aka yanka. Katakon da ke zo muna daga kudu, daga Najeriya ko Benin ko Gana, sau da yawa bai gama bushewa ba, ya zo ya haɗu da iskar hunturu waje ya bushe ciki da sauran ruwa, kana tsaga shi sai bakin tsagar shi rufe ya cafke faifai ta baya. Wuƙar nan ita ke hana shi rufewa, ita ke kuma tsare katako daga haƙoran baya. Kaurinta shi fi jikin faifai amma kar shi kai faɗin tsagar haƙora, misali faifan da jikinsa milimita 2.2 ne tsagarsa 3.2 wuƙa mai 2.5 zuwa 2.8 ta yi. Ratar da ke tsakaninta da haƙora milimita 3 zuwa 8, kar ta wuce. Ka jingina regil a jikin faifai ka ga wuƙar na bayansa sak ba ta leƙo ta kowane gefe ba, in ta leƙo a gyara da siraran wanshi a gindinta. In mashin ɗinka ba shi da ita ka kai ma mai walda awon nan shi yanko maka daga farantin ƙarfe mai ƙarfi, shi ɗaure ta da bulon biyu. A raina, mashin da ba shi da wuƙar baya bai gama haɗuwa ba, ko nawa aka saye shi. Murfin saman faifai ma a maida shi, a sauke shi kusa da katako.

Tsawon faifai wurin aiki: haƙora su leƙo saman katako da kamar milimita 5, ba rabin faifai a waje ba.

Kafin ka maida fil, ka yanka sandar turi guda biyu da kontirplake, tsawon santimita 30 zuwa 45 da ɗan baki a ƙarshe mai kama katako, ka rataye su jikin mashin. Santimita 30 na ƙarshen kowane yanka da ita ake turawa, haka duk katakon da ya yi gajere ko siriri. Ka dubi jikinka kuma: babbar riga da jallabiya a tuɓe, hannun riga a naɗe, jelar rawani a cusa ko a sauke shi gaba ɗaya, agogo da zobe da tasbaha a aljihu, safar hannu kuma a'a, haƙori in ya kama zare da hannun shike tafiya. Gilashin ido, abin toshe kunne don ƙarar mashin ga na kaiwa wajen desibel 100 alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa, da abin rufe hanci, garin iroko musamman shina tada asma da ƙaiƙayin fata.

Ka kwashe kile da ekar daga kan tebur, ka juya faifai da hannu sau ɗaya ka tabbata ba ya taɓa komi, ka soka fil, ka tsaya gefe ka tada. Ka bar shi shi yi gudu minti guda ba katako kana saurare, in tebur na kakkarwa ko akwai ƙara baƙuwa kashe ka bincika, bel in ya saki shina fito in ya ɗaure da yawa shina cin rulma. Gwajin farko da farin katako busasshe miƙaƙƙe, wanda ka duba ba kusa a ciki. Ka tsaya hagu da layin faifai kaɗan, katako kwance a tebur manne da gid, idonka a kan inda katako ke gogar gid, ka tura a natse har shi wuce faifai gaba ɗaya. Wanda ke karɓa ta baya tallabe kawai shike yi, ba ya ja. Ka auna faɗin abin da ya fito gaba da baya. Sannan ka yi yankan kwance, ka kife ɓari ɗaya ka haɗa bakunan biyu a kan tebur, in akwai karkata za ta fito ninki biyu ka gan ta da ido.

Yankan kwance da gid ɗin kwance ake yi kuma a janye gid na tsagawa can nesa, haɗa su biyun shi ke sa guntu shi maƙale tsakanin faifai da gid shi harbo. In kana son guntaye masu tsawo ɗaya ka matse ɗan katako a jikin gid can gaba kafin faifai, ka auna da shi, katakon shi rabu da shi kafin shi taɓa haƙora. Yanka a hannu sake ba gid ko ɗaya kuwa, ko an ja layi da kiriyo, ba a yi. Katako mai lanƙwasa a fara gyara gefe ɗaya a rabo, mashin ɗin fere katako, kafin a kawo shi nan. In katako ya cije tsakiyar yanka kar ka ja shi baya kar kuma ka sake shi, ka danne, ka buga ja da gwiwa, ka jira faifai shi tsaya cik. Guntayen da suka taru gefen faifai ma sai ya tsaya ake kwashe su, da sanda.

In Allah ya kiyaye abin ya faru, a danne raunin da tsumma mai tsabta a ɗaga hannun sama a nufi likita nan take, ko a kira ƴan kwana-kwana a 18. In yatsa ya fita a naɗe shi da tsumma mai ɗan damshi a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kar shi taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kuma kar a zuba ma raunin garin katako ko man moter ko toka.

Saitin nan ba ya zama har abada. Duk ran da aka canza faifai a sake duba wuƙar baya da ekar, duk ran da aka ɗauki mashin aka kai shantiye a sake awon kwari da gid daga farko, kuma kowace Juma'a kafin a rufe a buɗe ƙasa a kwashe gari a busa moter, a goge tebur a shafa mishi kyandir don katako shi riƙa sulɓewa, da damina kuma a rufe shi da tampol saboda tsatsa.